Ƙafar da Dattijo Ya Ce Ta Warke

Ina zaune a bencin da ke bayan Mama Tela ranar da mijinta ya tashi a coci ya ce ta warke. Ni nake mata kitso shekara da shekaru, na san wuyan matar nan kamar yunwar cikina, kuma da idona na ga sanda ya sandare. Ita ma a lokacin take jin labarin, tare da mu.

Mijin nata shi ne babba a dattawan ikilisiyarmu, shi ya sa kowa Dattijo yake ce masa, shi ne kuma mai gidan da nake haya. Mutum ne mai murya. Ko gishiri zai ce a miƙo masa, sai ka ɗauka wa'azi zai fara. Ya fito gaba riƙe da baƙar leda, ya ce ciwon suga ya daɗe yana cin matarsa, amma ya yi azumi ya yi addu'a, kuma Ubangiji ya tabbatar masa a zuciya cewa an gama. Sai ya zazzage ledar a kan tebur, ƙwayoyi da allurai da 'yar na'urar gwajin jini suka watse.

"Daga yau gidana ya rabu da waɗannan!" in ji shi.

Coci ta ɗauki Halleluya, aka buga ganga, mata suka yo kanta suna rungumarta. Ita kuwa idonta na kan teburin, inda wani mai hidima yake share maganinta yana zubawa a kwandon shara.

A hanyar gida na ce mata, "Yaya, ashe an warke ba a gaya wa maƙwabta ba?"

Ta ce, "Ke dai bari, ƙanwata. Ni ma mai ciwon yanzu aka gaya mini."

Muka yi dariya. Da na san inda maganar za ta kai mu, da kuka na yi.

Ɗakin ɗinkinta da nawa bango ɗaya ne ya raba. Kekenta irin na takawa da ƙafa ne, kuma ƙarar keken nan ita ce agogona. Idan ya fara, gari ya waye. Idan ya tsaya, lokacin ɗora tukunya ya yi. Da ƙafar dama take taka shi, kuma a ƙafar daman ne wata allurar ɗinki da ta faɗi ƙasa ta soke ta, a ƙarƙashin babban yatsa. Abin bai kai a faɗa ba. Ta wanke, ta ɗaure da ƙyalle, ta ci gaba da aiki. Amma jinin da aka hana wa magani ba ya barin rauni ya kame. Wurin ya kumbura, ya fara ruwa.

Ina tsakar gida ina tsefe kan wata mata na ji sun yi maganar.

"Baban yara, ƙafar nan fa ta ƙi. Ka bar ni in je asibiti su duba."

"Wane asibiti? Nas nawa ne a can 'yan cocinmu? Da kunnensu suka ji shaidata. Sai su gan ki a layin masu suga, su ce me?"

"Su ce ba ni da lafiya. Ai gaskiya ne."

"So kike a ce Ubangiji ya yi ƙarya?"

"Ubangiji bai ce mini komai ba. Kai ka faɗa."

"Ni ne kan gidan nan, a madadinki na faɗa. Ki riƙe bangaskiya, ki daina kallon wurin. Kallon ciwo shi ke ƙara masa ƙarfi."

Wannan magana ta ƙarshe ya riƙe ta da hannu biyu. Tun daga ranar, Dattijo bai yarda idonsa ya sauka a ƙafar matarsa ba ko sau ɗaya.

Dama ana taruwa a falonsa kowace Laraba da yamma a yi addu'a. Da can mutanen ba sa cika kujeru. Bayan shaidar nan sai da aka riƙa aro benci a maƙwabta. Masu ciwon baya, masu hawan jini, masu neman haihuwa, kowa ya zo gidan da aka yi abin al'ajabi. Da farko yana zaunar da ita kusa da shi, an sa mata safa mai kauri, yana nuna ta yana cewa, "Ga ta nan, ku gani da idonku." Tana murmushi, gumi na bin wuyanta. Da ta fara ɗingishi, sai nunin ya ƙare. Ya mayar da ita ɗakin baya, inda ake ajiye ragowar yadi da tsofaffin kujeru, ya gaya wa jama'a ta keɓe kanta ne tana neman fuskar Allah. Ya kira yayarsa, wadda duk gidan muke ce wa Gwaggo, wai ta zo jinya. Jinyar Gwaggo ita ce ta kafa kujera a bakin ƙofa, makullin gida a ɗaure a haɓar zaninta.

Keke ya yi shiru. Ranar farko da ban ji shi ba na makara, har wadda zan yi wa kitso ta zo ta same ni ban wanke fuska ba.

Kitso ne ya zame mini hanyar shiga. Gwaggo ba ta iya hana ni, don Dattijo da kansa ya ce kada a bar kan matarsa a hargitse, ko da wani zai leƙo. Kai yake so a gyara, ƙafa kuwa a rufe. Duk shigar da na yi sai na tarar abin ya ci gaba. Yatsan ya yi baƙi. Baƙin ya hau na kusa da shi. Zazzaɓi ya riƙa kama ta, ƙishirwa ba ta barinta, ta rame har zobenta ya faɗi da kansa. Sai kuma wari. Ranar Laraba tun da rana Gwaggo ke bin lungun da turaren fesawa, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma.

Na je wurin Fasto, na gaya masa komai. Mutumin kirki ne, amma Dattijo na cikin waɗanda suka ɗauke shi aiki, kuma bai manta ba. Ya zo. Aka zaunar da shi a falo, aka kawo masa shayi, aka ce Mama tana cikin keɓewa, ba ta ganin kowa. Ya fuskanci lungun ya yi addu'a mai tsawo, ya shanye shayinsa ya tafi. Da yamma Dattijo ya tsaya a ƙofata ya ce, "Mai kitso, bakinki ya fi hannunki aiki. Ki fara neman ɗaki."

Gwaggo kuwa daga kan kujerarta take nata wa'azin, hanci a toshe da gefen mayafi.

"Ki binciki zuciyarki, matar ƙanena. Allah ya ba ki warkewa a gaban jama'a, ke kika mayar masa da ita da shakkarki. Akwai abin da kika ɓoye. Ki faɗe shi ki huta. Ba kya gani Allah ya juya miki baya?"

Mama Tela na kwance, kanta a cinyata ina kitsa gefe ɗaya. Ta buɗe ido a hankali.

"Gwaggo, ke ce wari ya hana ki shigowa. Shi yana ciki."

Gwaggo ta ja tsaki ta juyar da kujerarta.

Ni kuwa zuciyata ta kawo wuya. Na sunkuya na ce mata, "Yaya, ni fa ban gane ba. Ke da ba kya fashin coci, ke da kika ɗinka wa marayu kaya ba ki karɓi komai ba. Yana ciki yana me? Kallo?"

Ta ɗan yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Da farko roƙonsa nake ya warkar da ni. Na roƙa har muryata ta dushe, bai warkar ba. Na yi fushi da shi, kar ki ɗauka ban yi ba, na gaya masa maganganu. Da na gaji sai na ce, to, tunda haka ne ka zauna da ni, don tsoro nake ji. Wannan kam ya yi. Kin haihu, kin sani. Ungozoma ba ta ɗauke miki naƙuda, amma hannunta na bayanki, kuma kin san ba za ta fita ta bar ki ba. Haka nake jin sa."

"To ki bari in samo mota in Dattijo ya fita aiki. Gwaggo dai ba ta fi ƙarfina ba."

"Jira nake ya shigo da kansa ya gani. Mijina ne, ƙanwata. Tun muna da ƙuruciya nake rufa masa asiri. In ya ga ƙafar nan da idonsa, shi zai ɗauke ni."

Kullum da safe yana zuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu, idonsa a rufin ɗaki, ya tsawata wa ciwon da muryar da ake ji har titi, ya ce, "An gama!" Sannan ya saɓa jakarsa ya tafi ofis. Taku kaɗan ne tsakaninsa da gadon, amma bai taɓa yin su ba. Na tsani mutumin nan a kwanakin nan, kuma ban roƙi gafarar tsanar da wuri ba.

Larabar da abin ya fashe, ina ɗakin, na kitsa rabin kanta, ɗaya rabin a tsefe. Falo ya cika, ana waƙa, Gwaggo ta tafi rarraba ruwan sha. Da waƙa ta tsaya sai muryar Dattijo ta ratso bango. Da wani direban tasi yake magana, mutum mai 'ya'ya ƙanana, wanda shi ma suga ke damunsa.

"Ka kawo su? Madalla. Zuba su nan a kan tebur, kamar yadda matata ta yi. Ita yau ina ciwonta? Babu!"

Na ji kanta ya yi nauyi a cinyata, sannan ya ɗaga. Ta tashi zaune, abin da ta kwana biyu ba ta yi da kanta ba.

"Ba ni kafaɗarki."

"Yaya, kitson..."

"Bar shi haka. Yau ba kai za a kalla ba."

Muka fito lungun, tana tsalle da ƙafa ɗaya, jikinta zafi kamar murhu. Gwaggo ta taho da tire ta tare hanya.

"Ina za ki a haka? So kike ki kashe ƙanena da kunya?"

"Gwaggo, ko ki kama ni ko ki matsa."

Ban san abin da Gwaggo ta gani a fuskarta ba, amma ta matsa.

Da muka ɗaga labule, mata suka fara guɗa, "Ga Mama! Halleluya!" Guɗar ba ta kai ƙarshe ba warin ya isa gare su. Na zaunar da ita a kujerar da ke fuskantar mijinta. Ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta ɗora a kan teburin tsakiya, kusa da ƙwayoyin direba, ta fara warware tsumman. Tsumman ya manne, ta cije leɓe ta fizge. Wata mata ta saki ƙara. Wani ya tashi da gudu ya yi waje.

Dattijo ya miƙe. "Jama'ar Allah, ku rufe ido mu yi addu'a! Magabci ne yake..."

"Ba wanda zai rufe ido," in ji ta. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma babu wanda bai ji ba. "An rufe ido ya isa. Baban yara, ka dube ta."

Ya ɗaga kai sama.

"Ka dube ta, na ce. Ƙafar da ka ce ta warke ce. Ita ta taka keke yaranka suka yi makaranta. Ka dube ta ko sau ɗaya."

Ya ci gaba da kallon fankar da ke juyawa. Sai na ga wani abu ya sauka a fuskarta, jiran da take yi ya ƙare. Ta juyo wurin mutane.

"Ni ma ina da shaida, tunda ba a taɓa tambayata ba. Ban warke ba. Ban zubar da maganina ba, ɗauka aka yi. Ba keɓewa nake ba, ɓoye ni aka yi a ɗakin tarkace, ana fesa turare don kada ku ji. An ce mini Allah ya juya mini baya. Ƙarya ne! Mijina ya tsaya a bakin ƙofa, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, Fasto ya tsaya a falo. Yesu ne ya shiga ɗakin nan mai wari ya zauna da ni, shi da mai kitso. Bai taɓa toshe hanci ba. Kuna tsammani ciwona zai ba shi kunya? Shi da ya tashi daga matattu bai ɓoye raunin hannunsa ba, nunawa ya yi. Ba ya bukatar a yi masa ƙarya don a kare sunansa. Sunan wani dai ake karewa."

Ta tura ƙwayoyin da hannunta zuwa gaban direba.

"Ɗana, kwashe maganinka. Ka sha, ka yi addu'a, duka biyun. Motarka na waje?"

Direba ya durƙusa yana tattara ƙwayoyin. "Tana waje, Mama."

"To za ka kai ni asibiti. Ta ƙofar gaba."

Dattijo ya ce, "In kika fita gidan nan, kin fita daga ƙarƙashin..."

"Ba ni kaɗai zan fita ba," ta ce. "Da Wanda ya zauna da ni zan tafi."

Mata suka ɗauke ta. Gwaggo da kanta ta kwance makullin daga haɓar zani ta buɗe ƙofar gida, ba wanda ya ce ta yi.

Ba zan ƙawata muku ƙarshen ba. Likita ya duba, ya dube mu, ya tambaya me muke jira tun tuni. Ya ce da an zo da wuri, wanki ne da ɗauri da magani. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na yi kuka a barandar asibitin har wata nas ta ce in fita waje. Da aka bar ni na shiga, ita ce ta kama hannuna, ta ce, "Har ɗakin tiyatar ya bi ni. Ki daina kuka, ki zo ki ƙarasa mini kitson nan, likitoci sai kallon kaina suke."

Dattijo ya zo dubiya da lemo a leda. Ya tsaya a ƙarshen gado, idonsa a kan taga, ya ce gwaji ne daga Ubangiji, kuma da ta ƙara haƙuri kaɗan da wataƙila an ga ikon Allah. Ban san sanda na miƙe ba. Ita ta riƙe mini zani. Fasto ya zo shi ma, shi kam ya durƙusa a gefen gadon ya nemi gafararta, kuma ranar Lahadi ya faɗa a coci daga kan bagade cewa kada wanda ya sake zubar da magani da sunan bangaskiya. Bai kama suna ba. Ba sai ya kama ba.

Na rubuta wannan ne don na san ba gidanmu kaɗai ke da ɗakin baya ba. Akwai gidajen da ake waƙa a falo, ana ruɓewa a lungu, mai gida na cewa Allah yake karewa. Allah bai ɗauki kowa gadi ba. In kuna nemansa a irin gidan nan, ku wuce falon, ku bi inda ake fesa turare.

Da aka sallamo ta, ba ta koma ɗakin baya ba, ba ta ma koma ɗakin ɗinki ba. Ta sa aka fito da keken baranda, bakin titi. Taron Laraba ya koma yadda yake da can, kujeru sun ishi kowa har da saura. Batun korata kuwa Dattijo bai sake tayar da shi ba. Ya sayo mata yadi mai kyau, ya ce ta ɗinka doguwar riga har ƙasa wadda za ta rufe komai, saboda zuwa coci. Ta karɓa ta gode. Ta koyi taka keke da ƙafar hagu, ɗinkin farko da ta yi kuwa rigar ce. Ta yanke ta daidai gwiwa.

Ranar Lahadi ta fito da sandunanta biyu, dungun ƙafar a naɗe da farin bandeji, kowa na gani. Dattijo na bakin mota yana jira. Ya yi sauri ya kau da kai.

"Sai kin nuna wa duniya?" ya ce.

"Duniya ka gaya wa na warke. Bari ta ga abin da ya rage, ta kuma ga ban faɗi ba." Ta gyara sandarta. "Ka buɗe mini ƙofa, Baban yara. Sai ka sunkuya ka ɗaga mini ƙafar, ba na iya shiga da kaina."

Ya daɗe a tsaye, makulli a hannu. Ni da Gwaggo muna baranda, ba wadda ta motsa ta taimaka. A ƙarshe ya buɗe ƙofar, ya sunkuya, ya sa hannu biyu a ƙarƙashin dungun. Babu yadda za ka ɗaga abu ba ka dube shi ba. Ya duba. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa, ya kasa miƙewa.

Ta bar shi ya gama kallo, sannan ta ce, "Mu je, kada mu makara. Yau ni ce da shaida."